Yadda na zaɓi ukulele na itacen koa a Honolulu

Abin da ya fi wahala wajen sayen ukulele, wato ƙaramar jita mai tsirkiya huɗu, a Honolulu, babban birnin jihar Hawai ta Amurka, shi ne yawansa. Duk inda ka juya a unguwar Waikiki ta masu yawon buɗe ido ga shi nan rataye, a kantin tsaraba, a gefen riguna masu furanni, wani da zanen kunkuru, wani da na abarba, wani an rubuta sunan Hawai ɓaro-ɓaro a ƙirjinsa. Galibinsu ba su taɓa ganin Hawai ba sai ranar da aka sauke su daga kwantena. Wannan ba aibi ba ne, da irinsu yara da yawa ke fara koyo, kuma wanda na koya da shi ma na aro ne mai sauƙin kuɗi, ya kuwa yi mini rana. Amma da lokacin komawata gida ya gabato, bayan karatun da ya kai ni Jami'ar Hawai da ke Manoa, sai na ƙudura cewa ɗan abin da na daɗe ina tarawa zan zuba shi a ukulele guda ɗaya, wanda aka sassaƙa a tsibirin da itacen tsibirin mai suna koa, wanda zan riƙe har tsufa in Allah Ya ba da rai.

Akwai wani dattijo ɗan asalin wurin da ke jagorantar zaman kiɗa a zauren unguwarmu duk yammacin Asabar, a hannunsa na koyi abin da na iya. A can kowane dattijo Kawu ake ce masa, ni ma haka nake kiransa. Da na gaya masa niyyata bai ambaci sunan kamfani ko ɗaya ba. Cewa ya yi, "Ɗana, ina za ka kai shi?" Na ce Kano. Ya ce, "Ana ruwa a can?" Na ce ana yi wata huɗu zuwa biyar, daga nan sai rani, kuma akwai lokacin da iska ke bushewa har leɓe ya tsage. Ya jinjina kai, ya ce wannan magana ce babba, za mu dawo kanta, amma in fara sanin girman da ya dace da hannuna.

Girma huɗu ne aka fi sani. Ƙaramin shi ne soprano, tsawonsa kusan inci 21, kuma shi ne siffar asali, mai siririyar murya da ke tsalle. Sai concert mai inci 23, sai tenor mai inci 26 wanda yawancin masu kiɗa a dandamali ke riƙewa yanzu, irin su Jake Shimabukuro. Baritone shi ne babba, kusan inci 30, kuma saitinsa daban ne, ya fi kusa da jita, don haka tun farko na cire shi daga lissafi. Soprano ya burge kunnena amma ya matse mini yatsu, domin tsirkiyarsa daga sama zuwa jaki, wato ɗan katakon da ke riƙe da ita a ƙirjin ukulelen, inci 13 ce kawai, in na hau can saman wuya sai yatsun su rinƙa hawa kan juna. Tenor kuma tsirkiyarsa ta fi tauri, muryarsa ta fi cika, sai dai ta ɗan yi nisa da wannan zaƙin da ya sa na so ukulele tun farko. Na tsaya a concert. Wannan bai ɗauke ni lokaci ba, hannu ne ya yanke hukunci.

Abin da ya ɗauki lokaci shi ne katako. Ukulele mai araha da katakon manne ake yinsa, falle-falle a liƙa da gam, a rufe saman da ɗan siririn falle mai kyau. Mai tsada kuwa gundarin katako ne, fefe guda da aka yanko daga itace aka kankare har ya yi sirara. Kawu ya nuna mini yadda ake ganewa ba tare da tambayar mai kanti ba: ka duba leɓen ramin da ke ƙirjinsa. In gundarin katako ne, za ka ga jijiyoyin itacen da ke sama sun gangara ta cikin kaurin leɓen ba yankewa. In na manne ne, za ka ga layi-layi a jere, ko kuma ka tarar an shafe wurin da baƙin fenti. Sannan ka leƙa ciki ka duba bayansa, zanen itacen da ke ciki ya zama daidai da wanda ke waje. Na gwada wannan a wani kanti inda aka liƙa wa wani ukulele takarda mai cewa koa ne, sai ga layi uku a leɓen. Koa ɗin gaskiya ne, amma fatar sama kaɗai. Na mayar da shi inda na ɗauko.

Koa itace ne da ba ya fitowa a daji ko'ina a duniya sai tsibiran Hawai. Dangin su bagaruwa ne na nesa, sai dai ba shi da ƙaya, kuma yana girma ƙwarai, har mutanen dā da gungumensa guda suke fafe kwalekwale. Sara da kiwon shanu sun cinye dazuzzukansa da yawa, domin shanu na cin 'yan tsiron tun ba su tasa ba, shi ya sa yau ya yi tsada, kuma yawancin wanda ake samu daga itatuwan da suka mutu ne ko suka faɗi da kansu. Akwai 'yan'uwansa da ake nomawa a Asiya, ana yin ukulele masu kyau da su, a ido ma sukan yi kama. Mai gaskiya zai rubuta maka acacia, sunan dangin gaba ɗaya, ba zai ce koa ba.

Haka batun inda aka ƙera shi. Dokar jihar ta ce kafin a rubuta wa kaya cewa a Hawai aka yi shi, sai aƙalla kashi 51 cikin 100 na darajarsa ya kasance a cikin jihar aka samar. Saboda haka sai ka karanta takardar da ke liƙe a cikin ukulelen a tsanake, domin "an tsara a Hawai" daban, "an yi a Hawai" daban. Suna mai kama da na Hawai ma ba hujja ba ne. Kala, alal misali, kamfanin Kaliforniya ne, kuma yawancin kayansa a Asiya ake yi, ba su kuma ɓoye hakan ba. Waɗanda ake nufi in an ce ukulelen Hawai na ainihi gidaje huɗu ne da duk sunansu ya fara da K, dukkansu a tsibirin Oahu: Kamaka, KoAloha, Kanile'a da Ko'olau. Uku daga ciki suna da ƙannen kaya masu sauƙin kuɗi da ake yi a waje. KoAloha na da Opio da ake yi a Tailan, Ko'olau na da Pono da ake yi a tsibirin Java na Indunusiya, Kanile'a kuma na da Islander. Na kaɗa Pono da Opio, kuma duk wanda aljihunsa bai kai dala dubu ba zan ce masa ya saya hankali kwance. Na Oahu kuwa, sabo, da wuya ka same shi ƙasa da haka.

Na fara da masana'antar Kamaka da ke titin South, domin suna zagayawa da baƙi kyauta, kuma su ne mafi daɗewa. Samuel Kamaka ya kafa gidan a 1916, a lokacin da Amurka ta fara haukan ukulele bayan baje kolin San Faransisko na 1915, kuma har yau zuriyarsa ce ke riƙe da shi. Kayan kiɗan kansa bai fi shekara 40 da haihuwa ba a lokacin. A 1879 ne jirgin ruwa mai suna Ravenscrag ya iso Honolulu da mutanen tsibirin Madera na Fotugal da aka kawo aikin gonakin rake, cikinsu akwai kafintoci uku, Manuel Nunes da Augusto Dias da José do Espírito Santo. Su ne suka ɗauki ƙananan jitocin ƙasarsu suka sake su da itacen koa, Sarki Kalakaua ya so abin ya shigar da shi fada, daga nan ya zama na Hawai. A jikin bango na ga mai siffar abarba, wanda Samuel Kamaka ya yi wa rajista a 1928.

Amma abin da ya tsaya mini a rai a wannan gida ba tarihin ba ne. Na ga katakon koa jibge a ƙarƙashin rumfa, an sa 'yan sanduna tsakanin kowane fefe don iska ta ratsa, kuma haka ake barinsa ya sha iska har shekara 4 kafin zarto ya taɓa shi. Sannan aka ba mu labarin kurame da gidan ya fara ɗauka aiki tun 1955. Su ne suka ƙware wajen auna kaurin ƙirjin ukulele, suna ƙwanƙwasa katakon da yatsa suna jin rawar da yake yi a tafin hannu, kamar yadda mace ke ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa kafin ta biya. A nan na gane abin da Kawu ya daɗe yana faɗa mini, cewa kowane fefen katako da halinsa. Wani ya fi tauri, wani ya fi nauyi, ko da daga itace ɗaya aka yanko su, kuma komai ƙwarewar maƙeri ba zai mayar da biyu su zama ɗaya ba. Wanda ya ce zai sayi suna kawai, ya aika a ɗauko masa kowanne daga sito, ya bar rabin zaɓin a hannun sa'a.

KoAloha, wanda Alvin Okami ya kafa a 1995, ana gane shi daga nesa saboda kansa mai tsini biyar kamar kambi da raminsa mai kusurwa uku. Muryarsa a buɗe take, tana da ƙarfi, da ka taɓa sai ta cika ɗaki. Kamaka ya fi taushi da zurfi, shi ne sautin da kunne ya saba ji a tsoffin waƙoƙin tsibirin. Wannan ra'ayin kunnena ne, wani zai ji daban. Zuwa Kanile'a kuwa sai da na hau bas ta ratsa ramin da aka fasa a duwatsun Ko'olau zuwa Kane'ohe, ɓangaren tsibirin da ya fi samun ruwa. Joe Souza da matarsa Kristen ne suka kafa shi a 1998, kuma suna da fili a babban tsibirin Hawai inda suke dasa itatuwan koa, abin da ya ƙara musu daraja a idona, domin itacen da aka dasa yau sai jikoki ne za su ji muryarsa. Wuyan ukulelensu ya ɗan fi faɗi, inci ɗaya da rabi a sama, kuma da na riƙe shi yatsuna suka sami wurin zama. Daga nan na san gidan da zan saya. Saura wanne.

A nan ne ido ke shiga ya nemi ƙwace ragamar. Ana kasa koa aji-aji bisa kyan zanensa. Akwai mai jijiya miƙaƙƙiya, launin zuma, ba wani ado. Akwai kuma mai lanƙwasa, wanda in ka juya shi a haske sai ka ga zanen yana motsi a gicce, yana walƙiya kamar akwai zurfi a cikin katakon. Irin wannan kuɗinsa na iya ninka na farkon, alhali siffa ɗaya ce, ma'aikata ɗaya, tsirkiya ɗaya. Yana da kyau, ba na musu, na daɗe riƙe da wani ina juya shi a bakin taga. Amma kuɗin da ake ƙarawa na ƙarancin itacen ne da kyan gani, ba na murya ba. Maƙera da yawa ma sun fi yarda da mai miƙaƙƙiyar jijiya wajen ƙarfi da daidaito.

Ranar sayen na roƙi Kawu ya raka ni wani kanti da ke da kaya da yawa, ya kuwa zo. Muka sa aka sauko mana da concert na aji daban-daban aka jera a kan tebur mai shimfiɗa. Ya ce kafin a kaɗa komai a fara da dubawa. Na ɗaga kowanne na saita idona daga kai zuwa gindi don in ga ko wuyan ya miƙe. Na shafa yatsa a gefen wuyan sama da ƙasa, domin ƙarafan da ke gicce bai kamata su karce fata ba. Na haska fitilar waya a ciki, na duba ko gam ya zubo a mahaɗa, ko sandunan da ke tallafe da ƙirjin sun zauna daram. Na duba jaki, ko akwai ɗan rata tsakaninsa da ƙirji inda takarda za ta iya shiga. Na murɗa kunnuwan ɗaure tsirkiya in ji ko suna tafiya sumul ba sa zamewa. Duk suka tsallake wannan, kamar yadda ya kamata a kaya mai wannan tsada.

Sai tsayin tsirkiya. A ƙarfe na 12, wanda shi ne tsakiyar tsirkiya cif, ratar da ke tsakaninta da ƙarfen ta kasance wajen milimita 2.5 zuwa 3. In ta wuce haka yatsa zai sha wahala, kuma sauti zai rinƙa haurawa in ka danna. In ta yi ƙasa sosai sai tsirkiyar ta rinƙa gogar ƙarfe tana zirrr. A wannan ƙarfe na 12 ɗin ne kuma ake kama ukulelen da aka yi wa aikin ganganci. Ka saita tsirkiya da manhajar waya, kowace da harafin sautinta, G, C, E, A, ka kaɗa ta a sake, sannan ka danna a ƙarfe na 12 ka sake kaɗawa. Harafi ɗaya ya kamata wayar ta nuna, allurar kuma ta tsaya a tsakiya ko dab da ita. Na tuna na aron da na koya da shi, wanda a nan allurarsa ke karkata, shi ya sa duk waƙar da ta hau sama sai ta ɗan yi tsami a kunne ko da an saita shi da kyau.

Bayan haka Kawu ya sa na bi kowace tsirkiya ƙarfe bayan ƙarfe, daga na farko har na ƙarshe, ina kaɗawa sau ɗaya ina sauraron yadda amon ke mutuwa. Aiki ne mai cin rai, kuma mai kantin ya yi haƙuri da mu ƙwarai. Kowane ukulele yana da wurin da amo ke ɗan gajarta, yawanci a kan tsirkiyar C mai kauri, saboda yadda cikinsa ke amsa wannan sautin. Abin nema shi ne wanda bambancin bai yi yawa ba, wanda in kana tafiya a kan waƙa ba za ka ji wani sauti ya faɗa rami ba.

Daga nan ya karɓe su ya ce in koma can ƙarshen kantin in juya baya. Dalilinsa shi ne mai riƙe da ukulele ba ya jin abin da mutane ke ji, domin ramin gaba yake kallo, kai kuma kana bayansa, ga rawar katakon a ƙirjinka tana ruɗin kunnenka. Ya kaɗa waƙa ɗaya a kan kowanne, da ƙarfi sannan a hankali, ba ya faɗa mini wanda ya ɗauka. Ɗaya muryarsa ta fito tas, mai haske, amma ta fi zama a sama. Wani ya fi kauri, kamar an ɗan rufe masa baki, irin wanda zai dace da mai rera waƙa a kansa. Akwai kuma wanda da ya kaɗa tsirkiya huɗun tare sai na ji kowace daban, ba wadda ta danne wata, kuma da ya sassauta hannu har kusan shafa kawai yake yi, sautin bai rasa jikinsa ba. Na ce ya maimaita, ya cakuɗa su ya sake, na sake nuna wannan ɗin. Da na juyo sai na ga mafi ƙarancin ado ne a cikinsu, launin zuma, jijiya a miƙe, fentinsa ma marar ƙyalli. Kawu ya miƙo mini shi ya ce, "Riƙe, ɗana, ka kaɗa da kanka, in hannunka ya yarda da kunnenka shi ke nan." Na zauna na kaɗa abin da na iya har na manta akwai mutane a kantin. Ba nauyi, kan bai rinjayi jikin ba, wuyan ya cika tafin hannuna daidai. Na biya.

Ragowar kuɗin da zanen koa zai ci, wani ɓangare na sa shi a abin da Kawu ya ce za mu dawo kansa. Gundarin katako yana shan laima yana kuma fitar da ita har abada, kuma ya fi son danshin iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100. A Kano lokacin hunturu danshin yakan faɗi ƙasa da kashi 20. Katakon da aka haifa a tsibiri in ya shiga wannan iska ba kariya zai tsuke, kuma tunda an liƙe shi ta ko'ina ba shi da wurin tsukewa, sai ya tsage, galibi daga jaki zuwa gindi. A irin wannan yanayi na manne ya fi juriya, kuma Kawu ya faɗa mini haka ƙarara: in na san ba zan iya kula da shi ba, gara in sayi na manne mai kyau in huta. Na ce zan iya. Sai muka sayi akwati mai tauri da ke rufuwa gam, da ɗan agogon auna danshi da ke zama a ciki, da abin riƙe ruwa da ake ratayawa a ramin ukulelen. Na ƙara da tsirkiya ta ajiya, har da G mai kauri ga ranar da zan so murya mai zurfi. A jirgi ban yarda ya shiga cikin kaya ba, na ɗan sassauta tsirkiyoyin na shiga da shi a hannu.

Yanzu da zarar iskar gabas ta fara kaɗawa a watan Nuwamba, ukulelen ba ya kwana a waje. Ina kaɗawa in mayar da shi akwati in rufe. Na ƙara da soso a cikin gidan sabulu da na huhhuda, in jiƙa shi in matse sosai don kada ɗigo ya taɓa katako, in ajiye a ƙarƙashin kan ukulelen. Agogon nake dubawa kowace safiya, in ya sauka ƙasa da 45 sai in sake jiƙa soson. Alamar farko ta bushewa ita ce bakin ƙarafan wuya su fara karce yatsa, domin katako ya tsuke ƙarfe bai tsuke ba, kuma in ka ji haka to kada ka jira gobe. Ba na barinsa a mota, ba na jingina shi a bangon da rana ke duka. Da damina ta kankama, wajen Yuli da Agusta, sai in cire soso da abin ruwan gaba ɗaya, domin a lokacin laima ce ke yin yawa, ƙirjin ya ɗan kumbura, tsirkiya ta ɗaga sama kaɗan, kuma sai in rinƙa buɗe akwatin a ɗaki mai iska na ɗan lokaci kafin in sake rufewa.